Ɗaga Ƙarfe Don Gina Jiki: Wane Tsari Ya Dace Da Sabon Shiga?

Da wuya mutum ya zaga unguwanninmu da yamma bai tarar da wani kango ko lungu inda samari suka taru suna ɗaga ƙarfe ba. Kayan aikin nasu sananne ne: gwangwanayen fenti biyu da aka cika da siminti aka soka musu bututun ƙarfe, ko kuma tsofaffin ƙarafan mota da mai walda ya haɗa. Wanda ya fi kowa ƙwanji shi ne malami, sauran kuwa abin da suka ga ya yi suke kwaikwaya. A 'yan shekarun nan an sami ƙarin wani malamin, wato wayar hannu, wadda ke cike da hotunan zakarun ƙasashen waje, kowanne da tsarin da yake cewa shi ne ya kai shi inda ya kai. Ɗalibin da ya shigo wannan fage sai ya rasa wanda zai kama. Da yawa sukan ɗauki tsarin zakara, su yi mako biyu ko uku suna azabtar da kansu kullum, daga nan ciwon kafaɗa ko na baya ya zaunar da su, su watsar da abin baki ɗaya.

A wannan darasi za mu fara duba yadda tsoka take ƙara ƙarfi da girma, domin wanda ya fahimci wannan zai iya auna duk tsarin da aka kawo masa, ya gane mai amfani da marar amfani.

Abin Da Ke Faruwa A Cikin Tsoka

Jikin ɗan Adam yana da tsokoki fiye da 600 masu motsa ƙasusuwa, kuma su ne kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin baligin namiji. Idan mai karatu ya yagi dafaffen nama zai ga yana rabuwa sili-sili. Kowane sili dami ne na zaruruwa masu yawa, kowane zare kuma ƙwayar halitta ce guda ɗaya mai tsawo. A cikin zaren akwai furotin iri biyu, aktin da mayosin, jere da juna. A shekarar 1954 wasu masana biyu 'yan Ingila, Andrew Huxley da Hugh Huxley, waɗanda ba su da dangantaka sai ta suna, kowanne tare da abokin aikinsa, suka nuna cewa waɗannan furotin suna zamewa ne su shige tsakanin juna, kamar yadda mutum ke sarƙe yatsun hannayensa biyu. Da haka tsoka take gajarcewa ta ja ƙashi.

Tsoka ba ta motsi sai da umarni. Saƙo yana tasowa daga ƙwaƙwalwa, ya bi ta laka, ya isa ga zaruruwan ta jijiyoyin saƙo, kowace jijiya tana da rukunin zaruruwan da take kira. Abin ya yi kama da aikin gayya. Idan gonar ƙarama ce mutane kaɗan ake gayyata, idan babba ce sai a kira gari. Matsalar sabon shiga ita ce ƙwaƙwalwarsa ba ta iya gayya ba tukuna. Ba ta kiran isassun ma'aikata, waɗanda suka zo kuma ba sa sara a lokaci ɗaya, har ma wasu tsokokin da ya kamata su saki jiki sukan ja da baya. Shi ya sa za ka ga hannun sabon shiga yana karkarwa a ƙarƙashin nauyin da bai kai ya kawo ba.

Wannan ne ya sa a makonnin farko ƙarfi yake ƙaruwa da sauri alhali damtse yana nan yadda yake. Masana biyu, Moritani da deVries, sun nuna haka a binciken da suka buga a 1979: a farkon horo yawancin ƙarin ƙarfi daga jijiyoyi yake fitowa, sai daga baya girman tsoka yake karɓar ragama. Ke nan ɗaga ƙarfe a farkonsa koyon sana'a ne, kamar koyon keke ko rubutu, kuma sana'a ba ta zama a hannu sai da maimaici. Wanda yake sauya motsi kowane mako yana hana ƙwaƙwalwarsa ƙwarewa a ko ɗaya.

Girman tsoka kuwa yana zuwa ne ta hanyar kaurin zaruruwan. Idan aka sa tsoka ta ja nauyin da ya wuce wanda ta saba, sai ƙwayoyinta su ƙara saurin ƙera furotin, kuma wannan aiki yakan ci gaba har awa 24 zuwa 48 bayan an ajiye ƙarfen. A lura da wannan da kyau: ba a lokacin ɗagawa tsoka take ginuwa ba, a lokacin hutu ne. Duk wanda ya taɓa ganin ginin ƙasa ya san magini yakan ɗora sahu ya bari ya sha iska kafin ya ɗora wani. In ya yi gaggawa ya ɗora a kan ɗanye, katangar zubewa za ta yi.

Daga Maraƙin Milo Zuwa Asibitin Soja

Akwai wani ɗan kokawa Bagirke mai suna Milo, mutumin garin Kuroton da ke kudancin Italiya ta yau, wanda ya rayu a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kuma ci gasar Olamfik ta wancan zamani har sau shida. Sunansa ne aka sa wa garin Milo da ake haɗa shayi da shi. An ce ya sami ƙarfinsa ne ta hanyar saɓa wani maraƙi a kafaɗa kowace rana tun yana sabon haihuwa, maraƙin yana girma, ƙarfin Milo yana bin sa, har ya zama bijimi. Labarin ya fi kusa da tatsuniya, domin maraƙi ya fi ƙarfin mutum saurin girma nesa ba kusa ba. Amma dabarar da ke cikinsa gaskiya ce: ƙarin nauyi kaɗan-kaɗan, ba tare da yankewa ba.

Wanda ya shigar da wannan dabara cikin ilimin likitanci shi ne Thomas DeLorme, likitan sojan Amurka a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda shi kansa mai ɗaga ƙarfe ne. Ya tarar da sojojin da aka yi wa aiki a gwiwa suna daɗewa ba su murmure ba, saboda ƙaramin motsin da ake ba su bai isa ya maido da tsokar cinya ba. Sai ya soma ɗaura musu nauyi a ƙafa, yana ƙarawa duk lokacin da suka saba. Ya buga sakamakon a 1945. Abin sha'awa shi ne da farko yana sa su yi zubi bakwai zuwa goma, amma a 1948, shi da abokin aikinsa Arthur Watkins suka rage zuwa zubi uku na ɗagawa goma-goma, bayan sun ga hakan ya wadatar. Daga nan wannan lissafi da ake ji a bakin masu ɗaga ƙarfe ya yaɗu.

Bari mu tsayar da ma'anar kalmomin biyu, tunda za mu yi ta amfani da su. Ɗagawa ita ce ɗaga nauyi da sauke shi sau ɗaya. Zubi kuwa shi ne jerin ɗagawa da aka yi a jere kafin a huta.

Zaɓen Tsari

Yawancin tsare-tsaren da ɗalibi zai ci karo da su ba sa wuce iri uku. Akwai mai motsa dukan jiki a zama ɗaya, sau biyu ko uku a mako. Akwai mai raba jiki gida biyu, sama da ƙasa, kwana huɗu a mako. Akwai kuma na zakarun nuna tsoka, wanda yake ware wa kowane sashe ranarsa: yau ƙirji, gobe baya, jibi kafaɗa, har kwana biyar ko shida.

Na ukun shi ya fi ruɗar samari, kuma shi ya fi rashin dacewa da sabon shiga. Mu yi lissafi. Wanda ke bin wannan tsari sau ɗaya yake horar da cinyoyinsa a mako, wato sau 12 a cikin mako 12. Wanda ke motsa dukan jiki sau uku a mako zai yi sau 36 a daidai wannan lokaci. Ga mai koyon sana'a, bambancin ba ƙarami ba ne. Bugu da ƙari, tunda aikin ginin tsoka yakan lafa bayan kwana biyu, wanda ya bar ta kwana shida bai taɓa ta ba ya bar magini a zaune. Zakaran da ya yi shekara goma yana horo yana bukatar aiki mai yawa kafin tsokarsa ta ji a jikinta, shi ya sa yake rarrabawa. Sabon shiga kuwa ɗan kaɗan ya ishe shi. Kwalejin masana lafiyar wasanni ta Amurka, a shawarar da ta fitar a 2009, ta ce sabon shiga ya motsa dukan jiki kwana biyu zuwa uku a mako, da nauyin da zai iya ɗagawa sau 8 zuwa 12. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a jagorarta ta 2020, ta bukaci baligai su yi aikin ƙarfafa manyan tsokoki aƙalla kwana biyu a mako, 'yan shekara 5 zuwa 17 kuma su yi ayyukan ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana uku.

Don haka a zaɓi kwana uku da ba sa bin juna, alal misali Asabar, Litinin da Laraba. Wanda karatu ya sha masa kai, kwana biyu ma sun isa.

To, waɗanne motsi za a yi? Waɗanda suke sa gaɓoɓi da yawa aiki a lokaci ɗaya, kuma biyar sun wadatar. Na farko shi ne tsuguno da miƙewa ɗauke da nauyi, wanda yake gina cinyoyi da mazaunai. A fara shi da rungume nauyin a ƙirji, dugadugai a kafe a ƙasa, gwiwoyi suna bin saitin yatsun ƙafa. Na biyu shi ne ɗauko nauyi daga ƙasa, kuma a nan ne aka fi jin ciwo, don haka sai mu ɗan tsaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne ranƙwafa gadon baya kamar baka, nauyin kuma yana nesa da jiki. Daidai shi ne a tura ƙugu baya, a ɗan lanƙwasa gwiwa, gadon baya ya kasance a miƙe, nauyin yana goga ƙafa yana hawa. Dalilin wannan yana cikin darasin fiziks: ƙarfin juyi shi ne nauyi a ninka da nisansa daga gaɓar da ke juyawa. Kilo 20 da aka riƙe a nisan santimita 40 daga ƙugu yana ɗora wa ƙasan baya ninki biyu na abin da zai ɗora a nisan santimita 20. Wanda ya iya wannan motsi ya iya ɗaukar buhu da jarka har ƙarshen rayuwarsa.

Na uku shi ne turi daga ƙirji, ko dai a kwance rub da ciki ana tura ƙasa da tafukan hannu, ko a kwance rigingine a kan benci ana tura ƙarfe sama. Kada a yi na bencin sai da wani a tsaye a kai, domin ƙarfen da ya sauko a wuya ba ya jiran a kira mutane. Na huɗu shi ne ja, wato rataye a sandar ƙarfe a ja jiki sama, ko a sunkuya a jawo nauyi zuwa ciki. Na biyar shi ne tura nauyi sama da kai a tsaye. Samari sukan ƙwallafa rai a kan ƙirji da damtse saboda su ne suke gani a madubi, su manta da baya da ƙafafu. Sakamakon shi ne kafaɗu su karkato gaba, jiki ya zama sama tulu ƙasa sillen kara. A daidaita ja da turi.

A kowane motsi a yi zubi biyu a makonni biyun farko, daga nan a koma uku, kowane zubi ɗagawa 8 zuwa 12, da hutun kamar minti biyu a tsakani. A zaɓi nauyin da idan an gama zubin ana jin saura ɗagawa biyu ko uku a jiki. Ba a bukatar a yi har hannu ya mutu. Ranar da mutum ya cika 12 a dukan zubi uku ba tare da motsin ya lalace ba, sai ya ƙara kilo ɗaya ko biyu a aikin hannu, biyu zuwa biyar a aikin ƙafa, ya koma kan 8 ya sake hawa. Kafin a soma kuma a ɗumama jiki da sassarfa ta minti biyar, sannan a gwada motsin da nauyi marar yawa. Duka zaman bai kamata ya wuce minti 45 zuwa awa ɗaya ba.

A nan ne ƙarfen siminti yake da aibi biyu. Ba a san nauyinsa ba, kuma ba a iya ƙara masa kilo ɗaya. Sau da yawa ma gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Maganin wannan yana cikin kowane gida: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jarka mai cin lita 25 ma'auni ce da za a iya ƙara mata lita ɗaya duk lokacin da aka so. Jakar makaranta da aka zuba wa ƙullin yashi da aka auna a sikeli ita ma tana yin wannan aiki. Wanda ya sami zuwa ɗakin motsa jiki na zamani kuwa ya sani cewa sandar gasa ta maza ita kaɗai kilo 20 ce, ta mata kilo 15, kuma ba abin kunya ba ne a fara da ita ba komai a jikinta.

Abinci Da Barci

Magini ba ya gini ba tubali. Wani babban nazari da aka buga a 2018, wanda ya tattara sakamakon gwaje-gwaje 49, ya gano cewa amfanin furotin ga mai horo yana ƙaruwa har zuwa kimanin giram 1.6 a kowane kilo na nauyin jiki a rana, abin da ya haura haka kuma ba ya ƙara wani abin kirki. Ga ɗalibi mai kilo 60, giram 96 ke nan. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6, giram 100 na busasshen wake yana da kimanin 23, na gyaɗa kimanin 25, na waken suya fiye da 30, kofin madara kuma kimanin 8. Idan aka haɗa da ƙuli-ƙuli, awara, nono, busasshen kifi da ɗan nama, ga kuma abin da ke cikin gero da dawa, za a ga ba a bukatar gwangwanin garin furotin mai tsada. Hatsi yana da ƙarancin wani tubalin furotin da wake yake da shi a wadace, wake kuma yana da ƙarancin wani da hatsi yake da shi, saboda haka shinkafa da wake ko koko da ƙosai haɗi ne da kimiyya ta yarda da shi.

Barci kuwa, masana sun ba matasa shawarar awa 8 zuwa 10. A lokacin zafi a yi horo da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, a sha ruwa sosai. A watan azumi a mayar da shi bayan buɗa baki, a kuma rage yawansa.

Tsoro Na Banza Da Tsoro Na Gaskiya

Iyaye da yawa suna hana 'ya'yansu ɗaga ƙarfe don kada su tsumbure. Tushen tsoron shi ne guringuntsin da ke bakin dogayen ƙasusuwa, inda ƙashi yake ƙara tsawo har zuwa ƙarshen balaga. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta duba wannan batu a 2008, ta sake dubawa a 2020, ta kuma bayyana cewa horon da aka tsara da kyau, a ƙarƙashin kulawar wanda ya sani, ba ya hana tsawo. Inda haɗarin yake shi ne gasar "wa ya fi wani", inda yaro zai cicciɓi abin da ya fi ƙarfinsa don abokai su yi masa tafi.

'Yan mata kuma sukan ji tsoron kada jikinsu ya koma irin na maza. Sinadarin testosteron, wanda ke taimaka wa girman tsoka, ya ninka a jikin namiji sau goma ko fiye, don haka mace takan ƙara ƙarfi sosai da ƙwarin ƙashi ba tare da ta yi irin wancan kauri ba. Lambobin Olamfik da Nijeriya ta samu a ɗaga nauyi ma mata ne suka kawo su: Ruth Ogbeifo ta ci azurfa a Sidni a 2000, Mariam Usman kuma ta sami tagulla ta gasar Beijin ta 2008. Ita Mariam ta biyar ta zo a ranar gasar, sai a 2016 da aka sake gwada samfurin 'yan wasa aka kama biyu daga cikin waɗanda suka gabace ta da amfani da haramtattun ƙwayoyi, aka ƙwace lambobinsu.

Waɗannan ƙwayoyi su ne abin tsoro na gaskiya. Masu kwaikwayon testosteron suna kumbura tsoka, amma suna lalata hanta da zuciya, suna rage ƙwayoyin haihuwa, a jikin matashi kuma suna rufe guringuntsin girma tun lokaci bai yi ba. Wato tsumburewar da ake zargin ƙarfe da ita, ƙwaya ce take kawo ta. Magungunan ƙiba da ake kira "sha ka fashe" kuwa, waɗanda sau da yawa deksametason ne a cikinsu, ruwa da kitse suke tarawa, tsoka kuwa zaizaye ta suke yi.

Ya kamata kuma a bambanta tsamin jiki da rauni. Tsamin da ke zuwa kwana ɗaya zuwa uku bayan sabon horo abu ne da aka saba, yakan tafi da kansa, yakan kuma ragu idan jiki ya saba. Amma zafi mai suka a cikin gaɓa, ko kumburi a matsematsi, ko jiri da ciwon ƙirji, alamu ne na a dakata a ga likita. Idan bayan horo mai tsanani fitsari ya koma kalar baƙin shayi, to a tafi asibiti a ranar, domin alama ce ta tsoka ta farfashe, abin da ke cikinta yana iya toshe ƙoda. Mai ciwon sikila, ko ciwon zuciya, ko hawan jini, ko farfaɗiya, kada ya soma sai da izinin likitansa.

Aiki Ga Malamai Da Ɗalibai

Mutane ba sa amsa horo daidai da juna. A wani bincike da aka buga a 2005, an horar da hannun mutum 585 da tsari iri ɗaya na mako 12. Kaurin tsokar wasu bai ƙaru ba ko kaɗan, na wasu kuwa ya ƙaru da fiye da rabi. Saboda haka awon da ke da ma'ana shi ne na mutum da kansa, kuma ana iya mayar da wannan ya zama gwajin aji, malamin kimiyyar halittu da na wasanni su haɗa hannu.

Kowane ɗalibi da ya sami izinin iyayensa ya tanadi ƙaramin littafi. A ranar farko a auna kewayen damtsensa da tef ɗin tela, a daidai tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, a kuma ƙirga sau nawa zai iya tura ƙasa ba tare da ƙugunsa ya lotsa ba. A rubuta nauyi da yawan ɗagawa na kowane zama. A maimaita awon biyu duk ƙarshen mako, a wuri ɗaya, da tef ɗaya, kafin a soma horo, domin tsokar da aka gama motsawa takan ɗan kumbura na ɗan lokaci saboda jinin da ya taru a cikinta. Bayan mako goma kowa ya zana layi biyu a takardar giraf, ɗaya na ƙarfi, ɗaya na kauri. Sai malami ya tambayi ajin: wane layi ne ya riga tashi, a mako na nawa na biyun ya soma motsi, kuma mene ne a cikin aikin jijiyoyi da zaruruwan tsoka ya bayyana tazarar da ke tsakaninsu?